Tabarmar da Kaka Ya Bari a Shimfiɗe

Ranar da Kaka ya rasu kowa ya zo da irin kukansa. Gwaggo ta zube a ƙofar ɗaki tana birgima, sai da mata biyu suka danne ta. Tsofaffin sojoji uku sun taso tun daga Hasahisa a bayan lori, suka ɗaga hannu suka yi Fatiha, sannan mafi tsufansu ya jingine sandarsa ya ƙame ya sara wa makara. Liman ya kau da kai kamar bai gani ba. Manoman bakin kogi kuwa, bakinsu na ta'aziyya, idanunsu na kan ɗakin inji. Ban ga laifinsu ba. Albasarsu ta kwana biyu ba ruwa, kuma mutumin da ya kwance injin ban ruwan ƙauyenmu shi ne aka saɓa a kafaɗa aka nufi maƙabarta da shi.

Ni ban yi kuka ba ran nan. Gadi na yi.

Gidanmu shi ne na ƙarshe kafin gangaren kogi. Ɗakin inji na bayan katanga, tsakaninsu akwai rumfa, a nan maza ke zaman makoki. A tsakiyar rumfar akwai babbar tabarmar kaba, a kanta kayan cikin inji ne jere layi-layi, yadda Kaka ya bar su. Da aka dawo daga jana'iza baƙi suka yi yawa, tabarmi suka ƙare. Baffa, yayan babana, ya zo ya same ni zaune a gefen tabarmar, na rufe kai da mayafi, maza ta ko'ina.

"Ke, tashi ki shiga cikin mata. A naɗe wagga tabarma, mutane na tsaye."

Na ce, "Su tsaya."

"Mi kinka ce?"

"Na ce su tsaya, Baffa. Wanda zai taɓa ta sai ya fara ɗauke ni."

Gwaggo ta leƙo ta kan katanga da kumburarrun idanu. "Ku gane mini ɗiyar nan! Kakanta ko sanyi bai yi a ƙasa ba, ita tana gadin ƙarfe cikin maza. Boko dai bai yi ba."

Na gyara zama a gefen tabarmar. Aka aro tabarmi daga masallaci. Da yamma na kife kwanduna a kan kayan saboda awaki da yara.

Kwana uku ina jin ana cewa mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa. Duk mamaci haka ake faɗa a kansa, har wanda aka yi hamdala da tafiyarsa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba na so Kaka ya narke cikin sauran mutanen kirki. Shi daban ne, kuma ya yi faɗa, da ni ma ya yi.

Yana ɗan saurayi ya bar gonar ubansa ya tafi garejin gandun auduga, inda ake gyaran taraktoci. Aikinsa na fari wankin ƙarafa a cikin gas. Usta, wato babban makanikin wurin, ba ya koyarwa da baki, sai da ranƙwashi. Littattafan injinan da Turanci suke, Kaka kuwa allo kaɗai ya yi. Sai ya ƙirƙiro hanyarsa. In zai kwance inji, ya shimfiɗa buhu ko tabarma. Abin da ya fara cirewa ya ajiye shi a sama ta hannun dama. Na biyu ya bi shi ta hagu. Layi ya cika, ya sauko ya sake farawa daga dama, daidai yadda ake rubutu a allo. In ya zo haɗawa sai ya fara daga ƙarshe, ya yi ta komawa baya har ya isa notin farko.

"Su suna da littafinsu," in ji shi. "Ni sai na rubuta nawa a ƙasa."

Daga garejin ne soja suka ɗauke shi, don sun ga ba tarakta ba, ko lori ya mutu yana tayar da shi. Ya yi shekaru a kudu lokacin yaƙi. Ya dawo da igiyar saje, da kunnen hagu da ba ya ji, da wata takardar shaida ta kwas ɗin injiniyanci da aka tura shi a barikin. Habboba, wato kakata matarsa, ita ta adana takardar a ƙasan akwati. Mutanen ƙauye na kiransa Bashmuhandis, babban injiniya. Ba ya so.

"Muhandis shi ka haihuwar inji," yakan ce. "Ni jinya nika yi."

Zancen soja ba ya yinsa. In samari sun matsa masa ya ba su labarin bindiga, amsarsa ɗaya ce: "Ban harbi kowa ba. Amma duk motar da na tayar, ta kai masu harbi inda za su." Daga nan sai ya nemi buta.

Yana da wata sanda ta itacen dogon yaro, kamu biyu, ta yi baƙi da mai. In inji na aiki sai ya ɗora kanta ɗaya a jikin ƙarfen, ɗaya a ƙashin bayan kunnensa mai ji, ya rufe ido. Ya matsa da ita nan, ya matsa can. Sai ka ji ya ce, "Bawul na kuka," ko "Sati biyu ya rage wa zoben nan." Kuma haka za a yi. Akwai ranar da ya tsayar da wani direban lori a kan hanyar garin Hajj Abdalla, bai san shi ba, ya ce masa kada ya wuce kasuwa bai duba fanfon mai ba. Direban ya ce, "Tsoho, je ka yi tasbihinka." Washegari ga shi a ƙofar gidanmu da ƙafa, yana ta ba da haƙuri. Kaka ya sa aka dama masa kunu tukuna, sannan ya ɗauki akwatin sifanu.

'Ya'yansa maza babu wanda ya gaje shi. Baffa ya kama kasuwa. Babana manomi ne, tsoron injin yake ji kamar kura. Ƙaraminsu ya haye Saudiyya. Jikoki maza kuwa kowa burinsa ya ja raksha, keken haya mai ƙafa uku, a birni. Da yanar ido ta fara rufe wa Kaka gani, ni ce a kusa, ina 'yar shekara goma sha uku, ga ido ga baki.

"Amarya," haka yake kirana, irin wasan kaka da jika, "zo duba mini, lamba nawa ag ga sifanar nan?"

"Sha bakwai. Kai wane irin ango ne, ko sifana ba ka gani?"

"Ango mai gani ai ba ya ɗaukar ki. Miƙo."

Haka na shiga. Kuma in faɗi gaskiya, kwancewa na so. Kwancewa akwai daɗi: ka murɗa, ka cire, ka ajiye, kafin hantsi inji ya zama layi bakwai a tabarma. Haɗawa ce ba na iya jurewa. Kaka zai wanke noti ɗaya kamar jariri. Zai ɗaure notocin kan inji kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sai waccan, ya zagayo, ya kurɓi shayi, ya sake zagayowa. Raina ya yi ta tafasa. Kullum ina da dalili: ina da jarrabawa, Inna na kira, kaina na ciwo.

"Zo ki ji," yakan ce in injin ya tashi, yana miƙo mini sandar.

"Na ji daga nan, Kaka. Ƙara ce. Duk ƙauye na ji."

"Sarkin gaggawa. Wata rana za ki nemi zama."

Faɗanmu ya zo ina aji biyu na sakandare. Ran wata Juma'a ƙawayena biyu na makaranta, 'yan cikin garin Hajj Abdalla, suka ce za su zo gidanmu. 'Yan gayu ne, gidansu da siminti har tsakar gida. Na duba rumfarmu, ga baƙaƙen ƙarafa shimfiɗe, ga warin gas. Kunya ta kama ni. Kaka na fita masallaci na jawo bahon wanki, na kama bakin tabarmar na juye komai a ciki, ƙaf. Na tura bahon bayan randa, na share wurin, na shimfiɗa darduma.

Ya dawo muna shan shayi. Ya tsaya a bakin rumfa, ya laluba da ƙafa inda gefen tabarma ya saba zama. Bai ji ta ba.

"Amarya, ina kayana?"

"Na tattara. Suna cikin baho, ba abin da ya ɓata."

"Mi kinka yi?"

"Ƙarfe ne, Kaka, ba ƙwai ba."

Ya ce a hankali, "Kin wanke mini allo ban hardace ba."

Ƙawayena suka ƙyalƙyale. Ba da mugunta ba, ba su gane ba ne. Amma dariyar ta hau mini kai, sai na ce abin da har yau in na tuna shi nake jin kamar in tsinke harshena. Da Larabci ma na faɗa, yaren da ake yi a cikin gari da makaranta, don su ji da kyau. Na ce, "Da ka iya karanta littafin injin kamar mutane, da ba ka cika mana gida da tabarma ba."

Ya sunkuya. Ya laluba ya sami bahon, ya ja shi da kansa har ɗakin inji.

Kwana huɗu ya yi yana tsintar kayan da yatsu, don a lokacin ido ya riga ya tafi saura inuwa. Noti arba'in masu kama da juna, sai ya gwada kowanne a kowane rami. Ni kuma girman kai ya hana ni zuwa. A kwanakin nan irin albasar maƙwabciyarmu, wata gwauruwa mai marayu uku, ya ƙone a bakin kogi. Ta zo tana faɗa a ƙofar gida. Ina jin Kaka ya ce mata, "Laifina ne, tsufa ya sa na rikita kayan. Ki ɗebi iri a nawa fegin." Bai ambace ni ba, ko ga babana.

Rana ta huɗu Habboba ta aike ni in kai masa abinci. Na dire kwanon zan juya, ya ce in zauna. Shi ne karo ɗaya tak da ya ba ni labarin soja.

Ya ce da damina ne, a kudu, laka har gwiwa. Lori ɗaya ya rage musu, shi ma ya tsaya. Ya shimfiɗa tanfol ya jera kayan. Sai wani hafsa mai gaggawa ya ce a matsa sansani gaba kaɗan, sojoji suka kama tanfol ɗin ta kusurwa huɗu suka ƙulle kamar ƙunshin wanki. Aikin awa biyu ya koma na yini guda. A bayan lorin kuwa akwai wani soja da aka harba a ciki, ɗan wajen Dindir, Bahaushe, ana jira a kai shi asibiti.

"Da ya ji ni Bahaushe ne sai ya riƙa kirana. 'Saje, ka kusa?' In ce na kusa. An jima, 'Saje, ka kusa?' Wajen la'asar na lura ya daina tambaya."

Ya goge hannunsa da tsumma. "Ban ce kin kashe kowa ba. Albasa ce. Amma ki sani, tabarmar nan ba ƙazanta ba ce."

Na so in ce ya yafe mini. Na kasa. Sai na ce, "Abincin zai huce." Wata guda bai kira ni Amarya ba. Daga baya shi da kansa ya dawo da wasan, ranar da ya ji na ci jarrabawa, ya ce zai ƙara mini sadaki da sifana biyu. Na yi dariya, na ɗauka magana ta wuce. Shekara shida muka ƙara tare. Ban taɓa buɗe baki na ce masa ya yi haƙuri ba.

Jajiberin rasuwarsa tare muka kwance injin. Ni ke murɗawa, shi ke jerawa, don ko ba ido hannunsa ya san layi. Da muka gama ya ce, "Gobe ki zauna har ƙarshe, Amarya. In nuna miki haɗi. Hannuna ya fara yi mini gardama."

Na ce, "Gobe kasuwar Hajj Abdalla ce. Jibi."

"Albasa ba ta san jibi ba."

"To ka fara, zan dawo da wuri."

Takalmi na je saya. Takalmi. Na dawo bayan azahar da leda a hannu, na tarar da mutane cike da ƙofar gida. An ce ya wanke kayan duka, ya mayar da kowanne wurinsa, ya yi alwala, ya zauna a bakin gado ya ce kansa na juyawa. Shi ke nan.

Washegarin jana'iza Baffa ya buga wa wani makaniki waya a gari. Mutumin ya tambayi irin injin, da ya ji sai ya ce wannan ya girmi ubansa, shi ba ya taɓa abin da wani ya kwance, a jira shi sati mai zuwa in ya samu sarari. Ganyen albasa ya fara kwanciya. Gidaje sun fi ashirin da abincin shekararsu ke cikin fegin nan. Manoma na zuwa su zauna a rumfa, su yi Fatiha, su saci kallon kwandunana.

Safiyar kwana na uku na ɗage kwandunan na ce wa Baffa zan haɗa.

"Ana zaman makoki? Ke kam ba ki da ta ido?"

"Ba ni da ita. Ina son maza biyu masu ƙarfi su ɗaga mini kan injin."

"Kin ma iya?"

"Rabi."

Tsohon sojan nan da ya sara wa makara bai riga ya koma ba. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Bar ta, ɗana. Wallahi da ɗayanmu ne ya mutu, Saje sai ya haɗa injin sannan ya zo gaisuwa."

Na yi bisimilla na fara daga ƙarshen layin ƙasa, ta hagu, ina komawa dama. Tabarmar ta yi mini magana fiye da yadda na zata. Duk abin da na ɗauka, raminsa na jira. Zobban fistan sun ba ni wuya, na yanke a yatsa. Da na zo notocin kai, hannuna ya so ya ɗaure ɗaya tamau ya wuce. Na tsawata wa kaina. Wannan kusurwa, sai waccan. Kaɗan-kaɗan. Na zagayo, na sake zagayowa. Gumi na shiga mini ido, maza sun kewaye ni, ba mai tari.

Sai na ci karo da abin da ban sani ba. A wajen layi, can gefen tabarma, akwai kofin shayi a kife. Na ɗaga. Wata 'yar washa ce ta jan ƙarfe, ba ta fi zoben yatsa ba. Ba ta cikin layi, don haka ban san wurinta ba. Ban san ko ya ware ta don ta lalace ba ne, ko don kada ta ɓata. Na tambayi sojan, ya ce shi direba ne. Na tambayi babana, ya ja da baya. Na zauna riƙe da ita, kuma a lokacin ne na ji kuka na taso mini, don amsar tana wurin da kullum nake tashi in tafi.

Ban san abin da ya kai ni ɗakin Habboba ba. Tana zaune a ƙasa cikin farin zanen takaba, kaskon garwashinta na dafa gahawa a gabanta, mata sun kewaye ta. Kwana uku ba ta yi magana mai tsawo ba. Na buɗe tafin hannuna.

Ta duba, ta ce, "Kawo. Wagga tawa ce."

Ta sa mafici ta hura garwashin, ta ɗauki washar da ɗan awartakin ɗaukar gawayi ta tura tsakiya. Muna kallo har ta yi ja kamar barkono. Ta ciro ta jefa a kofin ruwa, ta yi cuu.

"Duk abin da ya kife da kofi, nawa ne," in ji ta. "Ƙarƙashin abin da ka fesa mai take zama. In ba a gasa ta ba, ba ta laushi, inji ya yi ta huci ta nan. Shekara hamsin ina gasa mishi su." Ta sa mini ita a hannu, da ɗuminta. "Ke ba ki taɓa kaiwa nan ba. Kullum kin tafi."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma da faɗa ne.

Na koma na sa ta a wurinta, na ƙarasa layin sama har notin farko. Tabarma ta zama wayam. Maza biyu suka kama hannun murɗawa. Karo na fari ya yi tari ya mutu. Na biyu ma haka. Na uku ya tofar da baƙin hayaƙi, ya yi tuf, ya yi tuf, sannan ya kama. Can sai bututu ya yi gyatsa, ruwan kogi ya fito ja, ya bi lambatu ya gangara fegi. Wani manomi ya fara kabbara da ƙarfi, ya tuna gidan makoki ne, ya haɗiye sauran. Gwaggo na kan katanga, ta toshe baki da mayafi.

Baffa ya shiga ɗakin inji ya zaro sandar dogon yaron daga inda take rataye. Ya miƙo mini da hannu biyu, abin da bai taɓa yi mini ba.

"Saurara ki gaya muna, ɗiyata."

Na ɗora ta a jikin ƙarfen, na kai ɗaya kan bayan kunnena, na rufe ido. Ashe ba ƙara ɗaya ba ce. Akwai mai bugawa a ƙasa, akwai wata siririya a sama kamar ana taɓa cokali, akwai wata da ke zuwa tana tafiya. Duk suna nan, shekara tara suna jirana. Ban san wacce ce ta lafiya ba, ban san wacce ce ta ciwo ba.

"Yaya? Lafiya lau yake?"

Na ce, "Ban sani ba, Baffa."

Albasar ta tashi, ban da ta ƙarshen fegi da ruwa ya makara. Injin na aiki har yau. Kullum da hantsi nakan je in ɗora sandar in tsaya, ba na gaggawa, ba inda za ni. Takalmin nan yana cikin ledarsa.

Allah ya jiƙanka, Kaka, ya sanyaya makwancinka, ya haɗa ka da ɗan Dindir ɗin nan a inda ba a jiran mota. Tabarmarka ni na naɗe ta da hannuna, bayan na ɗauke notin ƙarshe. Ka yafe mini maganar littafi. Na zauna har ƙarshe, ango, sai dai jibi na zo.